Zuba Jari a Gidajen Haya: Ribarsa, Ɗawainiyarsa da Haɗurran da Ke Cikinsa

LEGAS — A cikin 'yan shekarun nan da darajar Naira ta yi ta faɗuwa, 'yan kasuwa da dama a ƙasar nan sun karkata ga sayen filaye da gina gidajen haya, bisa imanin cewa ƙasa ba ta ruɓewa, ɓarawo kuma ba ya saɓa ta a kafaɗa. Wannan imani yana da tushe. A watan Yuni na 2023 aka sakar wa Naira mara a kasuwar canji, inda Dalar Amurka da ake sayarwa kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma ta bayyana cewa a watan Disamba na wannan shekara ta 2024 hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda ya ajiye tsabar kuɗi a wannan tsakani ya ga yadda suka narke a hannunsa, alhali wanda ya mallaki gida a Legas ko Abuja ya ga farashin gidansa yana bin tsadar rayuwa a baya.

Sai dai kuma gidan haya sana'a ce mai zaman kanta, kamar fataucin shanu ko sayar da atamfa, tana da nata dokoki, da nata lissafi, da nata 'yan damfara. Mutane da yawa sun shige ta da zaton cewa da zarar an ɗora kwano an shafa fenti sai zaman karɓar kuɗi, daga baya suka tarar da dukiyarsu ta maƙale a kotu, ko a ƙarƙashin motar rusau, ko a hannun ɗan hayar da ba ya biya kuma ba ya fita. Wannan sharhi zai bi matakan harkar ɗaya bayan ɗaya, tun daga sayen fili har zuwa karɓar haya.

Wa ke da ƙasa a Nijeriya?

Abin da ya kamata mai zuba jari ya fara sani shi ne, a idon doka, babu mai mallakar ƙasa ɗungurungum a Nijeriya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin mulkin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana ga jama'a. An kuma saka wannan doka cikin tsarin mulkin 1979 da na 1999, saboda haka gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki. A Arewa wannan tsari ba baƙo ba ne, domin Dokar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta riga ta tafi a kan irin wannan tafarki, amma a Kudu, inda dangi da sarakuna suka saba riƙe ƙasa, dokar ta zo da babban canji wanda har yanzu ba a gama daidaita shi da al'ada ba.

Abin da mutum yake samu shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda takardar shaidar mallaka, wato wadda jama'a suka fi sani da C of O, take tabbatarwa, galibi na tsawon shekara 99. Wannan haƙƙi yana tare da sharuɗɗa: biyan kuɗin ƙasa kowace shekara, gina filin cikin wa'adin da aka rubuta, da yin amfani da shi ga abin da aka ba da shi dominsa. Gwamna yana da ikon soke takardar domin amfanin jama'a, kamar gina hanya, kuma diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuke-shuken da ke kan filin. Ƙasar kanta ba a biyan diyyarta.

Sharaɗin da ya fi kama 'yan kasuwa shi ne na amincewar gwamna. Sashe na 22 na dokar ya hana sayarwa ko jinginar da fili mai takarda ba tare da wannan amincewa ba. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta yanke cewa jinginar da aka yi ba da amincewar gwamna ba ba ta da inganci, bankin kuma ya rasa damar sayar da gidan da aka ba shi jingina. Darasin shi ne, wanda ya biya kuɗin gida ya karɓi takardar da ke ɗauke da sunan mai sayarwa ya jefa a akwati, bai gama saye ba. Sai an rubuta takardar miƙa mallaka, an sami amincewar gwamna, an biya kuɗin hatimi, an yi rajista a ofishin filaye. Wannan hanya tana cin kuɗi da watanni, shi ya sa mutane suke gudun ta, amma gidan da ba a kammala takardunsa ba banki ba zai karɓe shi jingina ba, kuma ranar da za a sayar da shi farashinsa yakan faɗi.

A Abuja kuwa, Dokar Soja mai lamba 6 ta 1976 ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ƙasar Babban Birnin Tarayya, kuma Ministan birnin ne yake da ikon raba ta. Takardar da hakimi ko dagaci ya bayar a ƙauyukan da ke kewaye ba ta ba mai ita kariya idan hukuma ta zo. Ko mai takarda ta gaskiya ma yana iya rasa filinsa ta hanyar sakaci: a watan Maris na 2025 Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya soke takardun filaye 4,794 a unguwanni irin su Maitama, Asokoro, Wuse da Garki saboda masu su sun shafe fiye da shekara 10 ba su biya kuɗin ƙasa ba.

Bincike kafin biya

Hausawa sun hana cinikin biri a sama, kuma babu inda wannan gargaɗi ya fi dacewa kamar cinikin fili. Damfarar da ta fi yawa ita ce sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu ko uku, ko sayar da gidan da aka riga aka jinginar wa banki, ko kuma nuna takardar jabu. Maganin wannan shi ne a tura lauya ya yi bincike a ofishin rajistar filaye kafin a biya ko da kafin alƙalami. A Legas ana yin wannan a ofishin filaye da ke Alausa a Ikeja, a Abuja a hukumar AGIS da aka kafa a 2003, a Kaduna akwai KADGIS, a Kano kuma KANGIS. Binciken zai nuna sunan da ke kan takardar, da ko akwai jingina ko ƙara a kanta. Bayan haka a ɗauki safiyo mai rajista ya auna filin a ƙasa, ya gwada da taswirar hukuma, domin a tabbatar cewa fulotin da aka nuna da yatsa shi ne wanda ke cikin takarda.

'Yan kasuwar Arewa da ke zaune a Agege, Mile 12, Idi-Araba ko Sabo ta Ibadan sun san matsalar ƙasar dangi a yankin Yarabawa. A bisa hukuncin kotuna, sayar da ƙasar dangi yana inganta ne idan shugaban gidan da manyan 'ya'yan dangin suka haɗu suka amince. Idan 'yan dangi suka sayar ba da shugaba ba, cinikin banza ne tun daga tushe. Idan shugaban ya sayar a madadin dangi ba da yardar sauran ba, suna iya zuwa kotu su rushe cinikin. Ga kuma 'yan "omo onile", waɗanda ke zuwa neman kuɗi a kowane mataki na gini, daga haƙa tushe zuwa ɗora rufi. Gwamnatin Legas ta kafa dokar kare kadarori a 2016 domin hukunta masu ƙwacen filaye, amma har yanzu mai gini a bayan gari yana bukatar ya sa wannan cikin lissafinsa. Haka kuma filaye masu yawa a yankin Lekki da Epe suna cikin ƙasar da gwamnatin jiha ta karɓe, sai ɓangaren da aka ware wa ƙauyuka aka buga a gazet ne kawai dangi ke da ikon sayarwa.

A Arewa, takwarar wannan matsala ita ce gidan gado. Sau da yawa ɗaya daga cikin magada yakan sayar da gida kafin a raba gado, bayan shekaru sai wata 'yar'uwa da ke aure a wani gari, ko maraya da ya girma, su taso da ƙara. Mai saye ya nemi ganin takardar rabon gado daga kotu, ya kuma tabbatar duk magada sun sa hannu a gaban shaidu, tare da sanin mai unguwa.

Wani abin lura shi ne hanyar biya. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5, kamfani kuma fiye da Naira miliyan 10, sai ta hanyar banki. Ban da kiyaye doka, biya ta banki shaida ce da ba ta mutuwa, ba ta kuma mantuwa.

Izinin gini, rusau da ambaliya

Mallakar fili daban, izinin gini daban. Kowace jiha tana da hukumar tsara birane da ke duba taswirar gini kafin a fara, kamar KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, ko sashen kula da gine-gine na Abuja. Wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko a filin da aka tanada don makaranta, ya ajiye dukiyarsa ne a bakin wuta. Mazauna Abuja ba su manta da rusau na zamanin Malam Nasir El-Rufa'i tsakanin 2003 da 2007 ba. A Kano an rushe shaguna da gine-gine a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula a watan Yuni na 2023 bayan canjin gwamnati, a Legas kuma aikin babbar hanyar gaɓar teku zuwa Kalaba ya ci gine-gine da dama a 2024. Abin da ya faru a Kano ya nuna cewa filin da aka yanka daga kadarar jama'a, ko da yana da takarda, yana iya zama abin jayayya idan mulki ya canza hannu.

Ingancin ginin ma abin dubawa ne. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu. Rage rodi, ƙara yashi a kwaɓin siminti, da ɗora hawa a kan tushen da ba a yi shi domin haka ba, su ne hanyoyin da ɗan kwangila ke bi ya ci riba, mai gida kuma ya ɗauki alhaki. Kuɗin injiniya mai rajista da gwajin ƙasa kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin ginin gaba ɗaya. Dokar Inshora ta 2003 ta wajabta yin inshora ga benen da ake ginawa idan ya wuce hawa biyu, da kuma gine-ginen da jama'a ke amfani da su, ciki har da gidajen haya. Masu ƙyamar inshorar da aka saba suna da kamfanonin takaful da ke aiki bisa tsarin Musulunci.

Sai kuma ruwa. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun mamaye garuruwa irin su Lokoja, rukunin gidajen Trademore a Lugbe ta Abuja ya sha ruwa a watan Yuni na 2023, sannan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ta nutsar da babban ɓangare na Maiduguri. Fili a kan duba shi da damina. Wanda ya saya a watan Maris bai ga komai ba tukuna.

Tsadar gini da neman jari

Kasafin gini a Nijeriya ba ya tsayawa inda aka aje shi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar Naira, kuɗin dakon yashi, bulo, rodi, tayil da wayar lantarki duk sun tashi. A watan Fabrairu na 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wasu garuruwa, har sai da gwamnati ta zauna da kamfanonin Dangote, BUA da Lafarge aka yi matsaya a kan Naira 7,000 zuwa 8,000. Wanda ya fara gini da kuɗin da ya yi daidai da ƙiyasin farko kawai, shi ne wanda kangonsa ke tsaye shekara da shekaru, ciyawa ta fito a falo, babu haya, babu kuma mai saye da daraja. Dabarar masu harkar ita ce a gina abin da za a iya kammalawa, a sa 'yan haya, sannan a ci gaba da sauran.

Bashin banki kuwa bai dace da gidan haya ba a halin da aka shiga. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma suka riƙa ba da rance a kan kusan kashi 30. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ma'aikata ke zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsu a ciki, yana ba da rance ta hannun Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya a kan kashi 6 cikin 100 har tsawon shekara 30, amma an yi shi ne domin mutum ya mallaki gidan zamansa. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya, suna da tsarin ijara da murabaha, sai dai su ma ribar da suke ɗorawa tana bin yanayin kasuwa.

Lissafin riba

A nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu, domin suna ƙirga abin da zai shigo su manta da abin da zai fita. A ɗauka, alal misali, ɗan kasuwa ya kashe Naira miliyan 120 wajen sayen fili da gina bene mai sashe huɗu, yana ba da kowane sashe haya a kan Naira miliyan 2 a shekara. A takarda yana da Naira miliyan 8, wato kusan kashi 6.7 cikin 100 na jarinsa. To amma idan sashe ɗaya ya zauna wata uku babu kowa, Naira 500,000 ta tafi, saura miliyan 7.5. Wakilin da ke kula da gidan ya ɗauki kashi 10 cikin 100, wato Naira 750,000. Gyaran rufi, famfo, fenti da kwashe sokawe su ci miliyan 1. Kuɗin ƙasa, harajin gida da inshora su ci Naira 350,000. Abin da ya rage Naira miliyan 5.4 ne, wato kashi 4.5 cikin 100, kuma a kan haka sai gidan ya yi fiye da shekara 22 kafin ya mayar da kuɗinsa.

A gwada wannan da takardun sukuk na Gwamnatin Tarayya, waɗanda aka fara fitarwa a 2017 a kan kashi 16.47 cikin 100, na 2025 kuma suka ba da kashi 19.75, ba tare da ɗan haya ko birkila ba. Za a ga cewa babbar ribar gida tana cikin tashin darajarsa ne a tsawon lokaci, haya kuwa ita ke riƙe shi kafin lokacin. Wannan riba ba ta shiga aljihu sai ranar da aka sayar, kuma gida ba ya sayuwa cikin mako ɗaya kamar buhun shinkafa. Ɗan kasuwar da ya kwashe jarin da yake juyawa ya zuba a bulo, ranar da kaya suka iso tashar jirgin ruwa yana neman kuɗin fito, dole ya karyar da gidan.

Nau'in gida ma yana canza lissafi. Manyan gidaje a Maitama ko Ikoyi sukan daɗe a rufe suna jiran mai iya biya, alhali ciki da falo ko ɗaki biyu a Kubwa, Nyanya, Ikorodu ko kusa da jami'a ba sa kwana babu mai nema. Shaguna da rumbunan ajiya kusa da kasuwa sukan fi gidan kwana kawo kuɗi, gyaransu kuma ya fi sauƙi.

Ɗan haya da yarjejeniya

Tun ran gini tun ran zane: yawancin rigingimun haya daga ranar ba da makulli suke farawa. Mai gida ya san sana'ar mai nema, da inda yake aiki, da dalilin barinsa gidan da yake ciki, ya kuma nemi wanda zai tsaya masa. Haya ga ɗan'uwa ko aboki tana da nata nauyi, domin ranar da kuɗi suka ƙare kunya takan hana tambaya, har bashi ya taru ya ɓata zumuncin da ake gudun ɓatawa.

Yarjejeniya ta zama a rubuce, ko da ɗaki ɗaya ne. Ta faɗi ranar shiga da ranar ƙarewa, adadin haya da lokacin biya, yawan mutanen da za su zauna, wanda ke da alhakin wane gyara, hanin saka wani ɗan haya ko mayar da gida shago ba da izini ba, tsawon notis, da yadda za a sake duba haya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a lokacin tsada, domin ƙarin da aka faɗa tun farko ba ya jawo husuma kamar wanda aka wayi gari da shi. A rubuta halin da gidan yake ciki ranar shiga, a ɗauki hotuna, domin a san abin da za a cire daga kuɗin ajiyar ɓarna ranar fita. Kowane biya kuma a ba da rasit.

Al'adar karɓar hayar shekara biyu gaba ɗaya ta samo asali ne daga tsoron rashin biya, amma tana da illa ga mai gidan kansa, domin kuɗin da ya karɓa yau ba za su sayi abin da za su saya baɗi ba, ga shi kuma ba zai iya ƙari ba. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta haramta karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake an cire Apapa, Ikoyi, Victoria Island da unguwar GRA ta Ikeja daga ƙarƙashinta.

Fitar da wanda ya ƙi biya

Babu abin da ya fi ci wa masu gidaje tuwo a ƙwarya kamar wannan. Doka ba ta yarda mai gida ya ɗauki hukunci da hannunsa ba. Cire rufi, ɓalle ƙofa, yanke wuta da ruwa, canza kwaɗo ko turo 'yan daba, duk suna iya mayar da mai gaskiya ya zama mai laifi. A dokar Legas ta 2011 an tanadi tarar da ta kai Naira 250,000 ko ɗaurin wata shida ga mai irin wannan aiki, ban da diyyar da ɗan hayar zai iya nema. 'Yan sanda ma ba aikinsu ba ne karɓar bashin haya.

Hanyar doka tana da matakai. Idan yarjejeniya ba ta faɗi tsawon notis ba, dokar da ake aiki da ita a Abuja ta tanadi notis na mako ɗaya ga mai hayar mako, wata ɗaya ga mai hayar wata, wata uku ga mai biya duk wata uku, da wata shida ga mai hayar shekara, kuma yawancin jihohi suna kusa da haka. Idan wa'adin ya cika bai fita ba, sai a ba shi notis na biyu na kwana bakwai, mai bayyana niyyar zuwa kotu, sannan a shigar da ƙara. Ma'aikatan kotu ne kaɗai ke fitar da kaya bayan hukunci. Kuskure a lissafin ranaku ko a hanyar miƙa notis ya sha sa a kori ƙara a koma farko. Shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, a kan wani fili da aka ba da haya a Surulere, an shigar da ita a 1993, sai a 2021 Kotun Ƙoli ta kawo ƙarshenta. Saboda haka gogaggun masu gidaje sukan gwammace sulhu, har su yafe wani ɓangare na bashi domin a ba su makullinsu. Legas tana da cibiyar sasanta jama'a da ke wannan aiki kyauta, manyan kotunan Legas, Abuja da Kano kuma suna da sassan sulhu.

Gyara, wuta da wakili

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yoyon da za a toshe da kuɗi kaɗan kafin damina, idan aka bar shi, sai ya ci silin da katako da wayar wuta. Ya kamata a ware wani kaso na haya kowace shekara domin gyara, a kuma riƙa zagaya gidan lokaci lokaci bisa sanarwa. Wutar lantarki ita ce babbar hanyar faɗa a gidan da ake tarayya, musamman tun da aka ɗaga farashin rukunin A zuwa Naira 225 kowane ma'auni a watan Afrilu na 2024. Kowane sashe ya sami mitarsa ta kati, domin kada ɗan haya ya tafi ya bar tulin bashi. Kuɗin mai gadi, shara, janareta da rijiyar burtsatse a raba su da haya, a riƙa nuna wa 'yan haya yadda aka kashe.

Wanda gidansa ke Legas shi kuma yana Kano ko Sakkwato ba shi da makawa sai wakili. Akwai bambanci tsakanin dillalin bakin titi, wanda burinsa la'adar yau, da ƙwararren mai kimanta gidaje da kula da su wanda ke da rajista da hukumar ESVARBON da aka kafa a 1975, wanda ana iya kai ƙararsa idan ya ci amana. Ko wane ne wakilin, a rubuta iyakar ikonsa, hayar ta riƙa shiga asusun mai gida kai tsaye, kuma mai gida ya san 'yan hayarsa da lambobinsu.

Haraji da zakka

Kuɗin haya kuɗin shiga ne da ake biya wa haraji. Idan ɗan hayar kamfani ne ko ma'aikatar gwamnati, zai cire kashi 10 cikin 100 ya miƙa wa hukumar haraji, kuma haƙƙin mai gida ne ya karɓi takardar shaidar hakan domin a rage masa a lissafin ƙarshen shekara. Legas tana karɓar harajin amfani da ƙasa tun 2001. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya, har iyakar Naira 500,000, abin da zai sa 'yan haya su riƙa neman rasit, hukuma kuma ta san abin da masu gidaje ke karɓa. A ɓangaren addini, abin da malamai suka tafi a kai shi ne gidan da aka ajiye don haya ba a fitar da zakka a kan darajarsa, sai a kan kuɗin hayar idan sun kai nisabi shekara ta zagayo, saɓanin gidan da aka saya da niyyar sayarwa, wanda hukuncinsa na kayan fatauci ne.

Wanda yake son shiga harkar ba tare da wannan ɗawainiya ba yana iya sayen hannun jari a asusun kadarori da ke kasuwar hannayen jari ta Legas, irin su UPDC REIT da aka kafa a 2013, inda ƙwararru ke riƙe gine-ginen suna raba hayar ga masu hannun jari. Wanda kuma ya zaɓi ya riƙe makullinsa da kansa, to ya ware kuɗin lauya, safiyo, injiniya da kammala takardu tun cikin kasafin farko, ya bar jarin kasuwancinsa yana juyawa, ya kuma shiga da niyyar shekara goma ko ashirin. Bukatar muhalli a biranen Nijeriya ba ta raguwa, kuma gidan da ke da takardu cikakku, a wuri mai kyau, a hannun mai kula da shi, yana daga cikin dukiyar da ake bar wa 'ya'ya ba tare da an bar musu shari'a ba.